Madatsar Bakolori da Ƙwaya Mai Ƙafa Uku

A shekarar 1976, lokacin da manyan motocin kamfanin Impresit ke tara ƙasa a kan Gulbin Sakkwato, tsakanin Maradun da Talata Mafara, wani injiniya mai suna Robert Dobkin ya kammala tsara wata 'yar ƙwayar lantarki a kamfanin National Semiconductor da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Girmanta bai kai ɗan yatsa ba, ƙafafunta uku, sunanta kuma LM317. Aikin farko ya ci miliyoyin kuɗin mai, ya tashi garuruwa, ya sauya rayuwar dubban manoma. Na biyu kuwa bai ja hankalin kowa ba sai masu sana'ar lantarki.

Duk da wannan rata, tambayar da ayyukan biyu suka zo amsawa ɗaya ce: yaya za a karɓi abin da ke zuwa ba bisa ƙa'ida ba, yau ya yi yawa gobe ya yi kaɗan, a mayar da shi abin da ke fita daidai gwargwadon buƙata? Madatsa tana yi wa ruwa wannan aiki, madaidaicin ƙarfin wuta kuma yana yi wa lantarki. Yau, kusan shekara hamsin bayan nan, ana sayen LM317 a rumfunan kayan lantarki na Sabon Gari a Kano, ɗalibai suna koyonta a aji, masu gyaran rediyo suna liƙa ta da dalma. Kashi biyu cikin uku na gonakin da aka shimfiɗa a Bakolori kuwa sun shafe shekaru ba su ga ruwan da aka yi musu alkawari ba, kuma babban dalilin hakan lantarki ne. Ya kamata mu san abin da ya sa ɗaya ta ɗore ɗaya ta gaza, domin ana sake zana wa wannan yanki sababbin tsare-tsare a yanzu, na famfunan sola da ƙananan tashoshin wuta, kuma kurakuran da aka yi jiya ba su da wuyar maimaituwa.

Wutar da ba ta zama wuri ɗaya

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lantarki ita ce a kwatanta shi da ruwa a bututu. Ƙarfin wuta, wanda ake aunawa da bolt, shi ne matsin da ke tura ruwan. Kwararar wuta, wadda ake aunawa da amfiya, ita ce yawan ruwan da ke wucewa. In aka ninka su biyun, sai a sami wat, wato aikin da wutar ke yi. Kowace na'ura an ƙera ta ne a kan wani matsi na musamman: rediyon hannu bolt 6 ko 9, cajar waya bolt 5, kayan gida a Nijeriya bolt 230. In matsin ya haura, na'ura ta ƙone. In ya sauka, ta yi rauni, wani lokaci ma ta ƙone duk da haka.

Wannan batu na ƙarshe yana ba mutane mamaki, amma shi ne mabuɗin labarin Bakolori. Injin lantarki mai juya famfo, in ƙarfin wuta ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, ƙarfin juyinsa yana raguwa da kusan kashi 19. Tunda nauyin ruwan da yake ɗagawa bai ragu ba, sai ya ƙara jan wuta, wayoyin cikinsa su yi zafi, rufinsu ya narke. Abin da muke kira lo-karan, wato wuta ta zo ba ƙarfi, ya fi ɗaukewar wuta illa ga firji da famfo. Garuruwan da ke ƙarshen dogayen layuka, inda taransfoma ɗaya ke ɗauke da unguwannin da suka fi ƙarfinta, su suka fi sanin wannan ciwo.

Neman maganin irin wannan hawa da sauka ya girmi lantarkin gida. A 1788 James Watt ya ɗora wa injin tururi wasu ƙwallaye biyu masu juyawa: in injin ya yi gudu fiye da kima, ƙwallayen su buɗe, su rage tururi, in ya lafa, su ƙara. A 1927 Harold Black na ɗakin binciken Bell ya kawo wannan dabara cikin lantarki. Asalinta shi ne waiwaye: na'ura ta riƙa duba abin da ta fitar, ta gwada shi da wani ma'auni, ta gyara kanta nan take. Saboda haka kowane madaidaici yana buƙatar abu uku: mudun awo wanda ba ya canzawa, idon da ke kallon abin da ya isa ga mai amfani, da ƙofar da ake buɗewa ko a tsuke.

Mudun shi ne ya fi wuya, domin zafi yana canza halin kowane abu na lantarki. Wanda ya warware matsalar a cikin ƙwaya ɗaya shi ne Robert Widlar, abokin aikin Dobkin. Ya yi amfani da halaye biyu na taransistar silikon, ɗaya yana sauka in zafi ya ƙaru, ɗaya yana hawa. Da ya haɗa su bisa gwargwado, sai suka kashe juna, aka sami kimanin bolt 1.2 da ba ya motsi, ko da sanyi ko da zafi. Zuwa 1970 Widlar ya fito da LM109, madaidaici mai ƙafa uku da ke ba da bolt 5. Bayansa aka sami dangin 7805 da 7809 da 7812, kowace da adadin da aka yanka mata tun daga masana'anta. Mai shago sai ya ajiye iri-iri, mai buƙatar bolt 7 kuma ya rasa tasa.

Abin da Dobkin ya yi a 1976 shi ne ya cire wannan hukunci daga hannun masana'anta, ya miƙa shi ga mai amfani.

Yadda ake tsarawa da ita

Ƙafafun LM317 uku ne: ta shiga, ta fita, da ta saiti. Alkawarin da ƙwayar ta ɗauka guda ne tak: za ta riƙe bolt 1.25 tsakanin ƙafar fita da ƙafar saiti, komai ya faru. Sauran aiki na razista biyu ne da mai tsarawa zai zaɓa. Ta farko tana tsakanin ƙafar fita da ta saiti, yawanci mai om 240. Ta biyu tana tsakanin ƙafar saiti da ƙasa. Lissafin ba ya buƙatar kwamfuta: a raba ta biyu da ta farko, a ƙara ɗaya, a ninka da 1.25.

In ta biyu om 720 ce, rabawa ya ba da 3, ƙari ya ba da 4, ninki ya ba da bolt 5. In om 1,500 ce, a sami kimanin bolt 9. In om 2,400 ce, a sami bolt 13.75, wanda ya dace da riƙe batirin mota a cike ba tare da an tafasa ruwansa ba. In aka sa razista mai murɗawa, irin ta ƙara sautin rediyo, sai a sami kowane adadi daga bolt 1.25 zuwa 37, da kwarara har amfiya 1.5. In kuma aka bar razista ɗaya kawai a jere da kaya, ƙwayar ta koma mai ƙayyade kwarara: om 12 za ta ba da kimanin kashi ɗaya cikin goma na amfiya, abin da ake so wajen cajin ƙananan batura ko kunna fitilar LED. Ana ƙara 'yan kafasita a mashiga da mafita don kwantar da wuta, da dayod mai hana batir mayar da wuta baya in mashiga ta mutu.

Wannan sauƙi yana da sharuɗɗa, kuma a nan ne ake gane gwani.

Sharaɗi na farko, ƙwayar ba ta ƙirƙirar wuta. Ragewa kawai take yi, kuma tana buƙatar mashiga ta fi mafita da kimanin bolt 3. Wanda ke son bolt 12 daga batirin da ya sauka zuwa 11.5 ba zai samu ba, komai kyawun lissafinsa. Mai tsarawa na ƙwarai ba ya tambayar nawa wuta ke zuwa a rana mai kyau; yana tambayar nawa take zuwa a rana mafi muni.

Sharaɗi na biyu, rarar da aka rage ba ta ɓacewa. Zafi take zama. Farantin sola da ake kira na bolt 12 yana ba da kimanin bolt 18 a tsakar rana. In aka sauke shi zuwa bolt 5 don cajin waya da amfiya ɗaya, wat 5 ne ke shiga wayar, wat 13 kuma su tsaya a jikin ƙwayar. Ba tare da farantin alminiyam mai sha mata zafi ba, abin da za ta iya jurewa bai wuce wat 2 ba, shi ma in ɗakin yana kan digiri 25, adadin da takardun masana'anta suka saba ɗauka. A Talata Mafara cikin watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40 a inuwa, balle a rumfar kwano, iyakar tana ƙasa da haka. Dobkin ya sa mata dabarar rage aiki da kanta in ta yi zafi, don kada ta ƙone. Amma mai tsarawa ne ke da alhakin sanin inda zafin zai tafi.

Sharaɗi na uku, a san yadda abin zai lalace. In ƙurar hunturu ta shiga razista mai murɗawa har ta yanke, mafita ba ta sauka, hawa take yi zuwa kusan ƙarfin mashiga, ta kashe duk abin da ke haɗe. Shi ya sa mai hankali ke haɗa mata wata razista tsayayya a gefe, domin ko ta yanke, hawan ya sami iyaka. Kuma ana auna wutar ne a bakin kayan da ake ciyarwa, ba a bakin ƙwaya ba, domin doguwar waya siririya tana cin nata rabo a hanya.

Da waɗannan sharuɗɗa a hannu, sai mu koma gulbi.

Daga shawarar FAO zuwa kwangilar Impresit

Gulbin Sakkwato ruwa ne mai hali biyu. Da damina yakan cika ya malale fadamu, ya bar laka mai albarka. Da rani ya koma yashi da 'yan tafkuna. Manoman Maradun da Mafara da Bakura sun daɗe da gina rayuwarsu a kan wannan hali. Suna shuka shinkafa a ambaliya, in ruwa ya janye su bi danshi da albasa da rogo da dankali da taba, su ɗaga ruwa da jigo zuwa lambu, masunta su kama kifi, makiyaya su sauko da shanu bayan girbi. Tsari ne da ke ba da abinci kaɗan-kaɗan, amma kowane manomi shi ke riƙe da saitinsa.

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da rahoto a kan kwarin Sakkwato da Rima. Ta ba da shawarar ƙaramar madatsa a Bakolori da ban-ruwa da za a faɗaɗa sannu a hankali, ba tare da an rusa yadda mutane ke amfani da ƙasarsu ba. Sai abubuwa biyu suka zo a jere: farin farkon shekarun 1970, wanda ya kashe dabbobi ya tsorata hukuma, da hauhawar farashin mai daga 1973, wadda ta cika baitulmalin gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Aka ba kamfanonin Italiya masu alaƙa da Fiat aikin nazari da na gini. Tsakanin 1972 da 1974, ƙaramar madatsar FAO ta rikiɗe ta zama babba, da noman injina a kan hekta kusan dubu talatin. Ba a nemi jin ta bakin manoman da za a yi aikin a gonakinsu ba.

An fara gini a 1974, aka gama madatsar a 1978, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Bangon ƙasa ne mai tsawon kilomita 5.5, da tsakiya ta kankare mai tsawon mita 360 da tsayin mita 48. Tafkin da ya taru a bayanta ya rufe kimanin hekta 8,000, yana ɗaukar ruwa mita-kubik miliyan 450. An kuma haɗa mata ƙaramar tashar lantarki mai megawat 3. Hanyoyin ruwa ba su kammala ba sai 1983, kuma sun tsaya a hekta 23,000. Daga ciki, kimanin 8,000 ne ruwa ke isa ta kanal, yana gangarawa da kansa. Sauran 15,000 an tsara su ne a kan yayyafi: famfunan lantarki su tura ruwa cikin bututu, ya fito yana feshi kamar ruwan sama.

Mashigar da ba a tabbatar ba

Yayyafi yana da hujjarsa a takarda. Ba sai an baje ƙasa sosai ba, ya dace da jigawa mai yashi, yana kuma tattalin ruwa. Sai dai duk wannan yana rataye ne a kan igiya ɗaya: wuta mai ƙarfi, tsayayya, a kowace ranar rani, tare da kayan gyara daga Turai da ƙwararrun da za su ɗaura su. Kanal, in an yi sakaci da shi, ya cika da yashi da kachalla, ruwa ya ragu, manoma su taru su yi gayya su yashe. Famfo, in an yi sakaci da shi, tsayawa yake cak, kuma babu gayyar da za ta tada shi.

An zana tsarin ne a shekarun da naira ta fi dala daraja. Faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980, da karyewar naira bayan shirin SAP na 1986, sun sa kowane ƙarfe da za a shigo da shi ya ninka tsada, kasafin hukumomin koguna kuma ya tsuke. Wutar NEPA, hukumar da aka kafa a 1972, ba ta taɓa zama abin dogaro ga manyan famfuna ba, gas ɗin janareta kuma ya fi ƙarfin kuɗin ruwan da ake karɓa daga manomi. Zuwa 2003, yayyafin ya daina aiki gaba ɗaya. Abin da ya rage ana nomawa a lokacin shi ne kimanin hekta 7,500 na ɓangaren kanal, galibi shinkafa, ba alkamar da masu tsarin suka yi buri ba.

Ɗalibin da ya haɗa madaidaici a kan mashigar da ba ta kai ba, malaminsa zai mayar masa da aikinsa. A Bakolori an ɗora kashi biyu cikin uku na aikin a kan wutar rana mai kyau, ba a yi lissafin rana mafi muni ba, kuma ba a tanadi hanyar da tsarin zai raunana a hankali maimakon ya mutu lokaci ɗaya ba.

Inda rarar ta tafi

Madatsa ma, kamar ƙwayar Dobkin, ba ta ƙirƙirar ruwa. Riƙe shi take daga wani wuri ta kai wani. Binciken da masanin labarin ƙasa William Adams ya yi a fadamun da ke ƙasa da madatsar ya nuna cewa ambaliya ta ragu a tsayi da zurfi da daɗewa. Daga kimanin hekta 19,000 na fadama, an yi asarar kusan 7,000 na shinkafa da 5,000 na amfanin rani. Manoma suka koma gero da dawa, masu ƙarancin daraja, kamun kifi ya ja baya, matasa suka ƙara fita cin-rani. Wannan asara ba ta cikin lissafin ribar aikin. A sama kuma, tafkin ya cinye gidaje da gonaki a ƙasar Maradun, aka mayar da dubban mutane kan tudu mai ƙarancin albarka.

A tsakiya, inda ake shimfiɗa gonakin ban-ruwa, an karɓe ƙasa daga hannun masu ita na tsawon damina biyu ko uku ana aiki, aka sare itatuwan ɗorawa da kuka da tsamiya, aka share iyakoki. Da aka zo mayarwa, wani ya sami ƙasa da abin da ya bayar, wani ya sami nesa da gida, diyya kuma ta yi jinkiri ko ta maƙale a hannun 'yan tsakiya. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Manoma sun faɗi inda ke yoyo, ta hanyar sarakuna da takardun koke da kotu. Da ba a ji ba, daga 1979 suka fara tare hanyoyi suna hana ma'aikatan kamfani aiki.

A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma zuwa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Aka buɗe wuta, aka ƙone gidaje. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Mazauna yankin da masu bincike sun ce sun haura 380. Dokta Yusufu Bala Usman da Björn Beckman na Jami'ar Ahmadu Bello suna cikin waɗanda suka rubuta abin da ya faru don kada ya ɓace.

A nan kwatancen lantarki ya kai iyakarsa, domin mutane ba kayan wuta ba ne, jininsu kuma ba zafin da ake shanyewa da farantin alminiyam ba ne. Abin da kwatancen ke nunawa kawai shi ne, tsarin da ba shi da hanyar jin abin da ke isa ga mai amfani ba zai iya gyara kansa ba. Saƙon ya zo tun da wuri, ya zo sau da yawa; sai aka ɗauke shi a matsayin tawaye maimakon awo.

Saiti a hannun mai amfani

Yayin da manyan famfuna ke tsatsa, ƙaramin lantarki ya bazu a garuruwan uku ta wata hanya dabam. Rediyon taransista ya shiga kowane zaure, ana sauraren Kaduna da Rima da sashen Hausa na BBC, kuma tsadar batir ta sa masu gyara suka koyi saukar da wutar batirin mota zuwa bolt 6 ko 9. Da talabijin da firji suka yawaita, sitabilaiza ta zama kayan ɗaki. Ita aikinta a kan wutar gida ne, tana sauya mahaɗar taransfomar cikinta, abin da ke sa a ji tana ƙas-ƙas in wuta na rawa. Amma hikimar ɗaya ce, kuma iyakar ɗaya ce, domin ba ta da abin yi in an ɗauke wutar. Bayan shigowar wayar salula a 2001, sana'ar caji ta tsiro a kasuwanni da tashoshin mota. A 1992, zamanin Gwamna Yahaya Abdulkarim, aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Talata Mafara, wadda yau ke ɗauke da sunan Injiniya Abdu Gusau. Akwatin wuta mai saiti, wanda LM317 ke tsakiyarsa, yana cikin ayyukan farko da ɗalibin lantarki ke haɗawa a irin waɗannan makarantu.

Dobkin kansa ya bar National a 1981, ya shiga cikin waɗanda suka kafa Linear Technology. Kamfanin Texas Instruments ya saye National a 2011. Ƙwayar ta rayu bayan kamfanin da ya haife ta, saboda masana'antu da dama suna ƙera ta, ba ta da sirri, kuma duk wanda ya iya rabawa da ninkawa zai iya sarrafa ta. Yau tana da kishiyoyi: ƙananan alluna masu yanka wuta dubban sau a daƙiƙa, irin masu ɗauke da LM2596, waɗanda ke isar da kashi 70 zuwa 90 na wutar maimakon ƙone ta. Su suka fi dacewa da sola. Amma suna watsa ƙara da ke dagula rediyon gajeren zango, don haka tsohuwar ƙwayar ba ta rasa wurin zama ba. Zaɓi tsakaninsu ya dogara ga abin da za a ciyar, da zafin wurin, da wanda zai gyara in ta lalace.

A gonakin ma an koma ga wannan tunani, ko da yake a makare. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da bashin kusan dala miliyan 495, ya sa Bakolori cikin manyan ayyukansa: gyara kanal, mayar da wani sashe na tsohon yankin yayyafi zuwa ruwa mai gangarawa da kansa, da damƙa ƙananan hanyoyin ruwa ga ƙungiyoyin manoma masu amfani da su. Wato bayan shekara arba'in da biyar, an dawo kusa da abin da FAO ta faɗa a 1969.

Sai dai sabon zagaye ya riga ya fara. A Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, duk mai dogaro da janareta ya ga yadda igiyarsa take da rauni. Cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tura manoman rani zuwa famfon sola, Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Kuɗi za su shigo, kwangiloli za su fito, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu su ne za su zauna a teburin da za a sa hannu: injiniyoyi, akantoci, lauyoyi, jami'an ma'aikatu da na ƙungiyoyin agaji.

Tambayoyin da ya kamata su yi ba su wuce na ɗalibi a gaban allon gwaji ba. Nawa farantin zai bayar a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo ya rufe rana, ƙura ta kwanta a kan gilashi, alkama kuma ke tsananin son ruwa? An auna inbata da batura a digiri 25 ne ko a 43? In famfuna ɗari suka zuƙi ruwan ƙasa a fadama ɗaya, rijiyar wa za ta fara ƙafewa? In na'urar ta tsaya, akwai mai gyaranta a kasuwar Talata, ko sai an jira wani daga Legas ta hanyar da ba kullum ake iya bi ba? Wa ke riƙe da saitin, kuma in manomin ƙarshen kanal ya ce ruwa bai iso ba, a wane ofishi maganarsa za ta zama dalilin gyara?

Tambayoyi ne masu araha in an yi su kafin a zuba kankare. Mutanen Maradun da Bakura da Talata Mafara sun riga sun biya kuɗin rashin yin su sau ɗaya, da gonaki da rayuka, kuma har yanzu akwai dattawa a Birnin Tudu da suka ga ranar da idonsu.